Gaisuwar da Na Soke da Jan Biro

Nguru, Lahadi da hantsi.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Auwalu. Allah ya sauƙaƙa muku hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na direba mai gaggawa, ya sauke ku Kaduna da ƙafafunku. Na ce wa innarki ta cusa takardar nan a jakar da ta zuba miki kuka da busasshen kifi, don na san ita za ki fara buɗewa. In ta yi ƙarni ki yi haƙuri, ki karanta a haka.

Jiya da kika durƙusa kina yi mini sallama na buɗe baki zan yi magana, sai na ji kaina ina tambayarki ko kin ɗauki cajar waya. Sunan mahaifiyata gare ki, ba zan iya zama gabanki in tona asirin kaina ina kallon idonki ba. Shi ya sa na koma ga biro, duk da dai shi ne ya jawo mini abin da zan faɗa miki.

Ranar da kika ja ni shagon intanet na bakin tasha kika nuna mini aikin da aka ɗauke ki, na fahimta fiye da yadda kika zata. Ɗalibanki suna warwatse a garuruwa, ba za ki gan su ba, ba za su gan ki ba. Su turo aiki ta kwamfuta, ki duba ki mayar. Kika ce mini, "Baba, aikin ba wuya, ba hayaniyar aji, ba ƙurar alli." Kina dariya kika faɗa. Wallahi da bakin nan nawa na taɓa faɗin haka, kuma wani bawan Allah ya rasa aikinsa a dalilina.

Kina aji shida a firamare lokacin, zamanin soja. Aka yi doka cewa duk malamin firamare da ba shi da takardar shaidar koyarwa an ba shi wa'adi, ko ya samo ta ko ya ajiye alli. Mafi yawansu mutanen ƙauye ne masu iyali da gona, ba za su iya komawa makarantar kwana ba, sai aka buɗe musu karatu daga nesa, cibiyarsa a Gashuwa. A raba musu littattafai su karanta a gida, su yi jinga su ba direban motar kasuwa ya kai ofis, ofis ya tara a buhu ya turo wa mai dubawa. Lokacin hutu kuma a taru a Gashuwa na 'yan kwanaki a ga juna. Ni aka ba lissafi, ina koyarwa a sakandare a nan Nguru, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lambobin. Wanda ya faɗi darasina ba shi da takarda, wanda ba shi da takarda ba shi da aiki. Na san wannan sarai tun ranar farko.

Cikinsu akwai Malam Modu na Kumagannam, Babarbare, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya fi shekara ashirin yana riƙe da ƙananan azuzuwa a makarantar garinsu. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin ni dai lamba arba'in da bakwai na sani, don ita ce a rubuce a kusurwar takarda, kuma ban taɓa damuwa in ɗaga ido in karanta sunan da ke gefenta ba.

Jingarsa ta farko da na ciro daga buhu, kafin lissafi ya fara, sai ga gaisuwa ta cinye kusan rabin shafi. Har yau ina iya kawo ta: "Wushe, Malam. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da maƙwabta. Ya gajiyar duba takardunmu? Mu nan mun sami ruwa sau biyu, gero ya tsiro." Haushi ya kama ni. Takarda fiye da arba'in a gabana, wani yana ba ni labarin gero. Na ɗauki jan biro na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, na rubuta a gefe: wannan ba wasiƙa ba ce. Jinga ta biyu gaisuwar ta zo a gajarce, na sake sokewa, wannan karon ko karantawa ban yi ba. Haka muka yi ta yi, yana gaisarwa ina sokewa.

Ki duba fa wanda ya aikata wannan. Ni ne mutumin da in maƙwabci ya wuce ƙofar gidana bai yi sallama ba, sai in yi mako ina mita har innarki ta gaji ta bar mini tsakar gidan. Amma da aka sa takarda tsakanina da dattijo, sai na manta mutum ne ya rubuta. A ƙasar nan ba a fara magana da babba ko malami ba gaisuwa, kin sani. Shi ladabi ya yi mini, ni kuma na mayar masa da abin da ko a kasuwa ba a yi wa baƙo. Tir da ni.

Don haka Ummi, duk wanda ya gaishe ki a cikin saƙo, ki amsa kafin ki taɓa aikinsa. Layi ɗaya ya isa. Ki kira shi da sunansa, in dattijo ne ki sa masa Malam ko Hajiya, kar ki ce ai kwamfuta ce ba ruwanta da girma. Kuma kar ki jira su fara. Makon farko ki rubuta musu ko ke wace ce, 'yar ina ce, abin da ya ba ki wuya da kina ɗaliba. Ki tambaye su su ma, kuma in sun faɗa ki riƙe. Wanda ya ce miki direba ne, ko mai jego ce, ko ma'aikacin asibiti, ya ba ki ƙofar da za ki shigar masa da karatu ta cikinta.

Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma shi na fi yin alfahari da shi a lokacin. Hannuna ya gaji da rubuta magana ɗaya a kan takardu, sai na je wurin mai sassaƙa hatimin roba a bakin kasuwa na ce ya yi mini wanda ke cewa: A ƘARA ƘOƘARI. Na zo da shi ɗakin malamai ina nunawa kamar na sayo sabon babur, abokan aiki suna ta cewa Malam Habu akwai dabara. Daga ranar nan aikina ya zama maki a sama, hatimi a ƙasa. Wanda ya ci ya ƙara ƙoƙari, wanda ya faɗi ya ƙara ƙoƙari. Ko shafin ƙarshe ba na juyawa in ga ko an rubuta wani abu, in buga in wuce.

Ga kuma jinkiri. Buhu ya zo ya zauna a bayan ƙofar zaure mako biyar, shida, har kazar innarki ta taɓa yin ƙwai a kansa, kuna ta dariya ku yara. Kafin takarda ta koma Gashuwa, daga can ta sami motar Kumagannam, mutum ya riga ya yi jinga biyu a kan kuskuren da ba wanda ya nuna masa. Kuskuren Malam Modu ɗaya ne tal, lissafin rabi da kwata. In aka ce ya tara rabi da ɗaya bisa uku, sai ya tara lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa, ya sami biyu bisa biyar. Kullum haka. Na gani tun jingar farko, na san ciwon, na san maganin. Abin da na yi shi ne na ɗaga takardar a ɗakin malamai na ce ku zo ku ga masu koyar da 'ya'yan mutane. Aka yi dariya, na buga hatimi.

Na ga ƙanen hatimina a kwamfutarki, kar ki zaci ban lura ba. Wannan maɓallin da kika nuna mini kina murna, wanda in kin danna yake aika wa kowa amsa iri ɗaya. Ki yi amfani da shi wajen sanar da ranar jarrabawa, ban hana ki ba. Amma aikin da mutum ya zauna ya yi da kansa, ki ba shi magana tasa shi kaɗai, ko da jimla ɗaya ce. Ki ce masa nan ka yi daidai, nan ka kauce, ga dalili. Cewa mutum ya ƙara ƙoƙari alhali bai san inda ya ɓata ba zalunci ne, don ƙoƙarin zai ƙara, a kan ɓatan. Kuma ki yi sauri. In ba za ki iya dubawa yau ba, ki aika cewa ya iso hannunki, ranar kaza za ki mayar, ranar kuma ta cika ki mayar. Mai jira a nesa ba ya ganin uzurinki, shirunki kawai yake gani, kuma duk abin da zai fassara shi da shi ba mai daɗi ba ne.

Yanzu sai na uku, wanda in na tuna nakan rasa inda zan sa fuskata. Hutun bazara ya zo, aka tsayar da kwanakin haɗuwa a Gashuwa, aka ba ni yini biyu. Sai ya yi daidai da lokacin da baffanki Alhaji Isa yake lodin ƙaro zuwa Kano, ya ce in zo in tsaya masa a kan ma'auni don bai yarda da idon kowa ba. Ba dole ya yi mini ba, gaskiya ita ce zafin Gashuwa nake gudu, da zaman benci da mutanen da na riga na raina. Na sayo kaset, na zauna a ɗaki na karanto darasi daga littafi tiryan-tiryan, na haɗa da rikodata na ba yaron mota ya kai wa akawun cibiyar. Har ina cewa a raina na ma kyauta musu, za su iya ji sau biyu.

Ki kwatanta abin a idonki. Magidanta sun baro gonaki da iyali, daga Dapchi, daga Karasuwa, daga ƙauyukan bakin iyaka. Malam Modu ya yi yini guda a bayan buɗaɗɗiyar mota a cikin rairayi, suna sauka suna turawa. Suka zauna a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa, akawu ya ɗora rikoda a kan teburin malami ya danna ya fita shan iska. Da na je ofis bayan mako biyu, akawun ya ba ni labari yana riƙe ciki. Wai da kaset ya zo kan lissafin rabi da kwata, wani tsoho na layin gaba ya ɗaga hannu. Ya ɗaga wa rikoda hannu, ya riƙe a sama yana jira a ba shi izini, har sai da aji ya fashe da dariya sannan ya sauke. Ni ma na yi dariya, Ummi, har da hawaye. Ban tambayi ko wane ne ba.

Kin ce za ki ɗauki darussa a bidiyo su riƙa kallo. To madalla, ya fi kaset ɗina, amma ba ke ba ce. Bidiyo ba ya ganin hannun da aka ɗaga. Ki ware musu lokaci a kowane mako da suka san kina zaune kina jiransu, kuma ki zauna ɗin, ko biki ake a gidan surukai, ko mutum ɗaya ne ya shigo. In wuta ta ɗauke ko layi ya ƙi, ki nemi waya ki gaya musu, kar su zauna suna kallon allon da ba kowa. In wani ya yi tambayar da ta ba sauran dariya, ki ce tambaya ce mai kyau ki amsa ta da gaske. Babba in aka yi masa dariya sau ɗaya a gaban mutane, ba ya sake buɗe baki.

Daga wannan hutun jingar lamba arba'in da bakwai ta zo sau ɗaya, ba gaisuwa a kanta. Na ce alhamdu lillahi, ya koyi tsari. Daga nan ba ta sake zuwa ba. Kin san abin da na ji? Sauƙi na ji, takarda ɗaya ta ragu. Motar Kumagannam tana tsayawa a tashar Gashuwa, direbanta ya san kowa a garin, da na aika wa direban 'yar takarda mai layi biyu cewa Malam lafiya na ji ka shiru, da ta isa hannunsa kafin magariba. Ban yi ba. Ƙarshen shekara aka kawo jerin sunaye, na rubuta bai kammala ba a gaban lambarsa, na sa hannu, na tafi sallar la'asar hankalina kwance.

Ki riƙe wannan da kyau. Ɗalibin da ya dame ki da saƙo safe da yamma ba shi ne abin tsoro ba, wannan yana nan. Ki ji tsoron wanda ya yi shiru. A aji na gaske in kujera ta zama wayam idonki zai gani ko ba ki so, amma a irin aikinku mutum yana ɓacewa ba ko motsi. Duk ƙarshen mako ki bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ki ji ɗuriyarsa ba ki neme shi. Kar ki fara da ina aikinka, ki fara da lafiya. Wani rashin lafiya ne, wani kuɗin shiga intanet ne ya gagara, wani kuwa kunya ce kawai, ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ja. Innarki in ta ji wannan za ta ce yaushe na iya tambayar mutum lafiya, to ki ce mata na koya a makare.

Shekaru suka wuce, na yi ritaya, na koma zaman shagon baffanki. Shekara biyu da suka wuce wani falke mai sayen gero daga Kumagannam ya zo, ya ji ana kirana Malam Habu mai lissafi, ya tsaya ya dube ni ya ce ko ni ne mai jan biron Gashuwa. Shi ya fara gaya mini sunan Malam Modu. Ya ce da wa'adi ya cika an sallame shi, ya koma noma da 'yan awaki, ajinsa kuma aka haɗe da wani don ba malamin da ya yarda ya zauna a can. Ya ce shi kansa a hannunsa ya koyi karatu, kuma ranar da tsohon ya kwashe kayansa daga makaranta bai yi wa kowa magana ba. Na ce Allah sarki, na sa aka kawo masa ruwa, na sauya zance. Na danne abin a cikina shekara biyu, ina ce wa kaina ai ba ni na yi dokar ba.

Sai ga ki da zancen ba hayaniya ba ƙurar alli. Kin tuna watan jiya da na ce zan je ta'aziyya Karasuwa in kwana biyu? Ƙarya na yi muku, Allah ya yafe mini. Kumagannam na je.

Na bi hanyar da ya bi, a irin motar da ya hau, na sauka jikina kamar an yi mini duka. Aka nuna mini gidansa, yana fuskantar filin makarantar. Na same shi a gindin aduwa a ƙofar gida, tsoho siriri mai farin gemu, mutane sun kewaye shi. Na yi sallama na raɓe a gefe, ba wanda ya san ni. Ashe rabon gado ake yi, wata mata ce ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da uwa da baffa, da 'yan tumaki. Shi ake kira wa irin wannan a duk yankin, ya yi karatun gado tun yana saurayi. Ina zaune na ji yana cewa miji yana da rabi, uwa tana da sulusi, asalin mas'ala shida ne, wato a kasa dukiyar kashi shida, miji uku, uwa biyu, saura ɗaya na baffa. Ko ɗaga ido bai yi ba, kamar mai faɗin sunayen 'ya'yansa.

Ummi, ki duba fa. Rabi da ɗaya bisa uku ke nan ya tara a gabana, ya sami biyar cikin shida, cikin numfashi ɗaya. Wannan shi ne mutumin da na ɗaga takardarsa a ɗakin malamai.

Da mutane suka watse na matsa na faɗi sunana. Sai ya kama hannuna da hannu biyu ya shiga gaishe ni, ya hanya, ya iyali, ya mutanen Nguru, bai saki ba sai da ya ƙare. Ya sa aka kawo ruwa da fura. Sannan ya shiga gida ya fito da tsohuwar adaka, ya buɗe, ga takardun nan duka a ɗaure da zare. Na ga jan birona. A ƙarƙashin layin da na ja na karanta abin da ban karanta ba a da. A ta uku ya rubuta cewa in yi haƙuri ya yi jinkiri, an kira shi rabon gado a ƙauyen gaba. Da na karanta wannan kaɗai a lokacin, da na san da wa nake magana. Na juya shafin ƙarshe, sai ga rubutu ƙanana a can ƙasa: "Malam, a ina nake kuskure? Da ka ina samu, a takarda ba ya fita." Takarda uku ya rubuta wannan a kansu. A ɗaya hatimina ya hau kan rubutun.

Na ce masa gafara na zo nema. Ya ce ba komai, ya yafe tun tuni, shi bai ma riƙe ni ba. Ya ce, "Ai na ɗauka doka ce ta hana ku magana da mu." Na rantse miki da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi me ya hana shi tambayar wani, ya ce ya tambayi hedimastansu, shi ma ya ce bai tabbata ba, bayan dariyar da aka yi masa a Gashuwa ranar da ya ɗaga wa rikoda hannu kuma sai ya ji nauyi, mutumin da gari ke zuwa tambaya ya riƙa yawo da lissafin yara. Ya ce sai ya yarda cewa na boko wani abu ne daban da ba a halicci kansa dominsa ba.

Muna zaune ya tura ƙwaryar fura gefe, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce, "To Malam, tunda Allah ya kawo ka, nuna mini. A ina nake kuskure?"

Na durƙusa na rubuta da yatsa a kan rairayi, ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku. Na ce masa lambobin ƙasan nan ba a tara su, su ne ake nemo musu asalin mas'ala, kamar yadda ya yi ɗazu. In ya samo shida, sai ya ba kowa rabonsa a sama ya tara. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya share, ya rubuta wa kansa rubu'i da sudusi, ya nemo goma sha biyu, ya fitar da amsa daidai ba tare da na ce uffan ba. Ya sake yin wani, ya sake ci.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

A daidai lokacin aka kaɗa ƙarfen tashi a makaranta, yara suka fito suna gudu ta gabanmu, suna gaishe shi suna wucewa. Ya bi su da kallo har suka ƙare. Sannan ya dubi rubutun da ke ƙasa ya auna shi da ɗan yatsa, ya ce a hankali, ba da faɗa ba, "Ashe layi ɗaya ne." Shekara goma sha huɗu ke nan da raba shi da ajinsa, Ummi. Ban iya shan furar ba, shi kuma bai sake tayar da zancen ba. Ya raka ni har bakin mota yana sa mini albarka.

Ba abin da zan iya mayar masa. Shekarunsa sun wuce na aiki, yaran da zai koyar sun girma ba shi. Ke ce kawai hannuna yake kaiwa, shi ya sa na zauna na cika miki takarda har biro yana ƙarewa. Cikin sunayen da za ki gani a kwamfutarki akwai wanda aikinsa, ko aurensa, ko mutuncinsa a gidansu ya rataya a kan darasinki, ba zai gaya miki ba, kuma abin da ya rage masa bai wuce layi ɗaya daga hannunki ba. Ba ki san ko wanne ne ba, don haka ki karanta na kowa har ƙasan shafi.

Innarki tana gaishe ki, ta ce ki shanya kifin da zarar kun isa. Ƙannenki da baffanki duk suna gaisuwa. Allah ya tsare ki a gida da waje, ya sa albarka a aikinki da aurenki, ya haɗa ki da ɗalibai masu haƙuri, ya hana hannunki zama sanadin kukan wani. In kin idar da salla ki sa Malam Modu a addu'a. Ki sa ni ni ma, na fi shi bukata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu.